AJIYAR JIKA: AMANAR SHEKARA 18

Babu abin da ke faranta ran dattijo kamar a zo a ce masa an yi masa jika. Ran suna a kan ga kakan yaro ya fi uban rawar jiki. Tsohuwa kuwa, in namiji aka haifa sai ta ce ta sami sabon miji, in mace ce ta ce an yi mata kishiya, jama'a su yi ta dariya. Wasan jika da kaka tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Amma a ƙarƙashin wannan wasa akwai wani tunani wanda tsoho ba ya faɗa wa kowa, watau ya san ba lalle ne ya ga ranar da wannan jariri zai zama cikakken mutum ba. Saboda haka mutane da yawa, musamman ma'aikata waɗanda suka kusa barin aiki ko suka riga suka bari, su kan ƙulla niyyar keɓe wa jikan wani abu wanda zai taras ran da ya girma, ko don karatu, ko don jari, ko don aure.

Niyyar nan mai kyau ce, Hausawa ma sun ce ajiya maganin wata rana. Sai dai shekara 18 tafiya ce mai nisa, kuma a kan hanyar akwai 'yan fashi uku da ke tare ajiyar: na fari lalacewar kuɗi, na biyu rigimar gado, na uku mantuwa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya sa yaro ya kai ga girma ya taras ba kome. Mun ga ya kamata mu bi su ɗai ɗai tare da masu karatunmu, akawunan ofis da malaman makaranta, domin tun zamanin En'e, kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976, har ya zuwa yau, wurinsu jama'a ke zuwa a rubuta musu takarda ko a buga musu lissafi. In malami guda ya fahimci maganar nan, ƙauye guda ya fahimta.

YADDA MUTANEN DA KE YI

Kakanninmu ba su san banki ba, amma sun san yi wa yaro ajiya. Fulani kan ba jariri karsana tun yana cikin zanen goyo. Tana cikin garken uban, amma kowa a ruga ya san ta wane ce, abin da ta haifa duka nasa ne, kafin ya isa aure ya mallaki 'yan shanu na kansa. A gidajen Hausawa akuya ko tunkiya ke yin wannan aiki, tsohuwa ta saya wa jikanyarta a ba da kiwo a ƙauye. Waɗansu su kan yanke wa yaro gefen gona, ko su dasa itatuwa da sunansa. Mata kuwa su kan tara tasoshi da kwanuka da zinariya da liyari saboda ranar da za a kai yarinya ɗakinta.

In an lura za a ga hikima biyu cikin wannan tsari. Ta fari, abin da aka ajiye mai haihuwa ne, ko kuwa mai riƙe darajarsa. Ta biyu, kyautar a bainar jama'a aka yi ta, gaban dangi da maƙwabta, ba mai iya musunta ta daga baya. Ko da ya ke hanyar ba ta rasa nata haɗari. Ciwon bushiya ya share shanun ƙasar nan wajen 1890, ya sake yin ɓarna a 1983, farin 1973 ya kashe dabbobi ba adadi, a zamanin nan kuma ga ɓarayin shanu.

Waɗanda suka fi kowa asara su ne waɗanda suka ajiye tsabar kuɗin zamanin, watau wuri. Sa'ad da Dr. Barth ya zo Kano a 1851 ya taras ana canjin liyari guda a kan wuri 2,500. Cikin shekarun da suka biyo, fataken Turai suka yi ta jibgo wuri a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka ta Gabas, ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa. Da Turawa suka kafa mulki suka kawo sule da kwabo da anini, wuri ya fice daga kasuwa sannu a hankali. Wanda ya binne tukunya cike da shi saboda jikansa, abin yi wa ƙwarya ado kurum ya bar masa.

ƊAN FASHI NA FARI: LALACEWAR KUƊI

Kada wani ya ce ai wannan labarin da ne. Abin da ya sami wuri ya sami naira a gaban idonmu. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam guda a kan naira 2, sule guda kwabo 10. A 1980 naira guda ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi. A 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, naira ta fara zamewa, har a 2024 aka sayi dala guda a kan fiye da naira 1,500. A 1995 kaɗai farashin kaya ya hau da fiye da kashi 70 cikin 100, a ƙarshen 2024 kuma hawan shekara ya wuce kashi 34.

Ma'aikaci ba ya bukatar a kai shi nesa, albashi ya ishe shi shaida. A 1981 doka ta yanke mafi ƙanƙancin albashi naira 125 a wata. A 2000 ya zama naira 5,500, a 2011 naira 18,000, a 2019 naira 30,000, a 2024 naira 70,000. To, a ce wani dattijo ya yi jika a 1981, ya ɗauki albashin lebura na wata guda cur, naira 125, ya kulle a akwati. Yaro ya cika shekara 18 a 1999, shekarar da aka fito da takardar naira 100. Aka buɗe akwati. Abin da ke ciki bai kai ladan yini guda ba bisa albashin da aka yanke a shekarar da ta biyo. Bugu da ƙari, takardun kansu sun daina aiki tun 1984, domin a watan Afrilu na shekarar nan Gwamnatin soja ta sauya launin kuɗi, ta ba da 'yan kwanaki ƙalilan a kai tsofaffin banki. An yi irin wannan canji a 1968 lokacin yaƙin basasa, an kuma sake gwada shi daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, kowa na tune da wahalar da aka sha kafin Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Akwai wata 'yar dabarar lissafi wadda ya kamata kowane malami ya koya wa 'yan ajinsa. A ɗauki 72 a raba da hawan farashi na shekara, abin da ya fita shi ne yawan shekarun da kuɗi za su yi su rasa rabin ƙarfinsu. In kaya na hawa da kashi 12 cikin 100, shekara 6 ke nan. Cikin shekara 18 za a yi haka sau uku, watau rabin rabin rabi. Abin da zai sayi buhu takwas ran suna, buhu guda zai saya ran da yaro ya girma, alhali ba ɓarawon da ya taɓa akwatin.

Ga kuma hakkin Allah. A mazhabar Malikiyya, wadda a ke bi a ƙasarmu, dukiyar ƙaramin yaro ma ana fitar mata da zakka in ta kai nisabi ta shekara, ɗaya cikin 40, waliyyinsa ke fitarwa. Dukiyar da ke kwance ba ta juyawa, in ta ci gaba da zama bisa nisabi, cikin shekara 18 fiye da sulusinta zai tafi ta wannan hanya. Saboda wannan dalili ne aka ruwaito cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Sayyidina Umar ya hori masu riƙon dukiyar marayu da su sa ta cikin ciniki. Ashe dai tun can ba a yarda a bar dukiyar yaro kwance ba.

ƊAN FASHI NA BIYU: RIGIMAR GADO

Mutane da yawa na zaton in kaka ya faɗa da bakinsa cewa kuɗin nan na jikansa wane ne, shi ke nan magana ta ƙare. Ba haka shari'a ta ce ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kowane almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya karanta, ya nuna kyauta ba ta tabbata sai abin ya bar hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda aka ba, watau abin da alƙalai ke kira hauzi. In mai kyauta ya rasu alhali abin na hannunsa, ya zama gado, magada za su raba. In kuwa cikin ciwon ajali ya yi kyautar, hukuncin wasiyya ke kanta, ba ta wuce sulusin dukiya.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne, jika ba ya gadon kakansa muddin mamacin ya bar ɗa namiji da rai. A ce mutum na da 'ya'ya maza uku, ɗaya ya riga shi rasuwa ya bar yara ƙanana. Ran da tsohon ya cika, biyun da ke raye sun katange 'ya'yan ɗan'uwansu, ba su da kaso. 'Ya'yan ɗiya mace kuwa tun asali ba su cikin masu rabo. Watau jikan da ya fi kowa bukatar ajiyar, maraya, shi ne wanda ta fi sauƙin kuɓuce wa. In baffanni masu tsoron Allah ne su cika alkawarin mahaifinsu. In ba haka ba, alƙali ba shi da hujjar da zai tilasa su.

Waɗansu ƙasashen Musulmi sun nemi maganin wannan da doka. A 1946 Masar ta wajabta wasiyya ga irin waɗannan jikoki, a ba su abin da mahaifinsu zai samu da yana raye, in bai wuce sulusi ba. Pakistan ta bi wata hanya mai kama da wannan a 1961. Kotunan shari'a na ƙasarmu kuwa suna bin fiƙihun Malikiyya kamar yadda ya ke cikin littattafai, babu wannan tilas a ciki. Saboda haka nauyin na wuyan kaka tun yana da ransa da lafiyarsa, kuma shari'a ta bar masa ƙofa biyu a buɗe. Ta fari, ya yi kyauta ya fitar da ita daga hannunsa yanzu. Ta biyu, ya yi wasiyya, domin ya halatta a yi wa wanda ba magaji ba wasiyya har iyakar sulusi.

A nan akwai abin lura. A Malikiyya kaka ba shi ne waliyyin dukiyar jika ba haka kawai. Uba ne waliyyi, bayansa sai wasiyyin da uban ya naɗa, bayansa sai alƙali. Don haka kyautar a miƙa ta hannun uban yaron ko wasiyyinsa, gaban shaidu, a sa ta inda sunan yaron ya ke rubuce. Tsabar kuɗi ta fi kome bukatar wannan, domin saniya na da kama, gona na da iyaka, amma naira ba ta da alamar da za a ce wannan ta kaka ce, wannan ta jika, in suna akwati guda. 'Yan'uwanmu Kirista da sauran masu bin dokar Gwamnati a sha'anin gado, su ma maganinsu rubutacciyar wasiyya ce mai sa hannun shaidu biyu, a kai ta ajiya ofishin rajista na Babbar Kotu.

Muna kuma ba da shawara kada a yi abin nan a ɓoye. Kaka ya tara 'ya'yansa ya gaya musu abin da ya yi da dalilinsa, ya kuma yi shi daidai gwargwado yadda ba zai tauye magada ba. Maganar da aka ji daga bakin uba yana zaune ba ta zama ƙara a kotu. Wadda aka tsinta cikin akwati bayan sadakar uku ita ke raba zumunci.

ƊAN FASHI NA UKU: MANTUWA

Dattawan ma'aikata za su tuna Bankin Ajiya na Gidan Waya, inda akawu kan kai sule biyu ko uku a buga masa hatimi cikin ɗan littafi. A Ingila aka fara wannan tsari a 1861, Turawa suka zo da shi nan. A 1974 aka mai da shi Federal Savings Bank, daga baya ya sake suna, a 2005 ya narke cikin bankin Fidelity. Bank of the North, wanda aka kafa a 1959, ya shiga cikin bankin Unity a 2006. A gyaran da aka yi a 2005 bankuna 89 suka koma 25. Waɗansu ma rufe su aka yi ɗungum, kamar guda 26 da aka soke wa izni a watan Janairu 1998. Ma'ana dai, sunan da ke bangon littafin ajiya ran suna ba lalle ne a same shi bisa ƙofar wani gini ba ran da yaro ya girma.

Gwamnati ta yi tanadi saboda haka. Tun 1988 aka kafa hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe. A 2024 ta ɗaga iyakar abin da ta lamunce wa kowane mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa. Abin da ya haura wannan sai an sayar da kadarorin bankin tukuna. Wanda ajiyarsa ta yi kauri, ya raba ta banki biyu.

Amma ko banki na nan daram, asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba a kan ɗauke shi a kan ya yi barci. Bisa ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2024, in ya shekara 10 a haka sai a kwashe kuɗin zuwa wani asusu na amana a Babban Bankin. Kuɗin ba su ɓata ba, mai su na iya nema a ba shi. To, wanda bai san da su ba fa, ta yaya zai nema?

Mutanen Ingila sun ga irin wannan. Gwamnatinsu ta sa an buɗe asusu ga yaran da aka haifa daga Satumba 2002 zuwa farkon Janairu 2011, ta zuba wa mafi yawansu fam 250, da sharaɗin ba mai taɓawa sai yaro ya cika shekara 18. Na farkonsu suka kai a Satumba 2020. Sai ga shi dubban ɗaruruwan samari da 'yan mata ba su je karɓa ba, domin iyaye sun yi ƙaura, takardu sun ɓace, ba wanda ya gaya musu. In ƙasar da kowane gida ke da lamba ta sha haka, ina ga mu?

INA ZA A SA KUƊIN?

Babu wuri guda da ya kuɓuta daga dukan aibi, saboda haka mai hankali ba ya zuba hatsinsa duka a rumbu ɗaya.

Asusun yara a banki shi ne mafari. A kan buɗe shi da sunan yaro, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, uba ko uwa ko mariƙi na sa hannu. Amfaninsa shi ne ya raba kuɗin jika da na kaka, kuma goron Salla da kyautar dangi duka su sami mazubi. Sai dai abin da banki ke ƙarawa a irin wannan asusu galibi ba ya cim ma hawan farashi. A ɗauke shi matara, in kuɗi sun taru a kwashe zuwa abin da ke haihuwa. Masu gudun kuɗin ruwa sun sami mafita tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, waɗanda ke raba riba da mai ajiya maimakon ruwa.

Akwai kuma takardun lamuni na Gwamnatin Tarayya. A watan Maris 2017 ofishin kula da basussuka ya fito da takardar tanadi ta masu ƙaramin ƙarfi, daga naira 5,000, ta shekara 2 ko 3, ana biyan ruwa bayan kowane wata uku. A Satumba na shekarar nan aka fito da Sukuk na farko, na naira biliyan 100, tsawon shekara 7, daga naira 10,000, aka gina hanyoyi da kuɗin, masu jari na karɓar haya sau biyu a shekara. Abin lura a nan, dukansu wa'adinsu kan cika kafin yaro ya girma. Ranar da uwar kuɗi ta dawo hannu ita ce ranar haɗari, domin a ran nan ne rufin ɗaki zai tuna yana yoyo. A sabunta nan da nan.

Hannun jari a manyan kamfanoni na iya tsere wa hawan farashi in an yi haƙuri, amma kasuwarsa, wadda ta fara ciniki a Legas a 1961, tana da hawa da sauka. Daga Maris 2008 ta zube da fiye da rabi cikin shekara guda, waɗanda suka ci bashi suka saya sun ji jiki. Mai shekara 18 a gabansa na iya jiran ta farfaɗo, amma a sa wani kashi kurum, ta hannun dillali mai rajista.

Zinariya tsohuwar ma'ajiyar mata ce, ta kuwa taimaki mutane da yawa sa'ad da naira ta faɗi. Amma ita ma ba kullum ta ke hawa ba. A Janairu 1980 oza guda ta kai dala 850, a 1999 ta sauko ƙasa da dala 300, watau tsawon ƙuruciyar yaro guda tana ƙasa, kafin ta haura dala 2,500 a 2024. Ga ladan ƙira da a kan rasa wajen sayarwa, ga tsoron ɓarawo.

Fili da gona su ne abin da mutanenmu suka fi amincewa da shi. Sai a sani Dokar Ƙasa ta 1978 ta hana Gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba takardar mallaka, sai ta hannun mariƙi ko amintaccen da aka naɗa saboda haka. A nemi lauya ya tsara takardar. Fili kuma na son ido, wanda aka bari shekara da shekaru ba shinge ba zagayawa, wata rana a taras wani ya yi gini.

Ma'aikata na da wata dama, ƙungiyoyin tsimi da tanadi, waɗanda dokarsu ta farko a Nijeriya ta fito tun 1935. Kyansu shi ne a kan cire kuɗin tun daga albashi kafin ya shigo aljihu. Adashe kuwa na tara kuɗin 'yan watanni ne, ba ya ɗaukar amanar shekaru.

Abu guda mu ke roƙo a guje masa gaba ɗaya, shi ne masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Kowa ya ga yadda MMM ta rufe wa mutane kuɗinsu a Disamba 2016, ire-irenta kuma ba su daina fitowa da sabon suna ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya sa kuɗinsa ciki ya yi wauta, wanda ya sa na yaro ya ci amana.

KAƊAN KAƊAN, AMMA DA WURI

Ga wani lissafi na misali. Naira 5,000 a wata naira 60,000 ce a shekara, cikin shekara 18 naira 1,080,000. In ajiyar na samun ƙarin kashi 10 cikin 100 a shekara, ana kuma mai da ƙarin cikin uwar kuɗi, za ta kai kimanin naira 2,700,000. Wanda ya jira sai yaro ya shekara 9 sa'an nan ya fara, abin da zai tara kimanin naira 815,000 ne. Ya yi rabin tafiyar, amma bai sami ko sulusin abin ba, domin kuɗin farko su suka fi daɗewa suna haihuwa. Kuma tun da farashi ba ya tsayawa, ya fi kyau a yanke wani kashi na albashi ko na fansho, misali 5 cikin 100, maimakon adadi guda, yadda in an yi ƙarin albashi ajiyar ma ta ƙaru.

Amma fa kada tanadin gobe ya sa a tozarta yau. Dattijon da ke bin bashi don ya ci, ba a ɗora masa ajiyar jika ba. Yaron da ke zaune gida saboda rashin kuɗin makaranta alhali yana da asusu a banki, an cuce shi. Ilmi da lafiya su ma ajiya ce, kuma su ne waɗanda canjin kuɗi ba ya taɓawa.

TAKARDA DA SHAIDU

Nan ne aikin akawu da malami. Duk wanda ya zo muku da wannan niyya, ku zaunar da shi ku rubuta: cikakken sunan yaro da na ubansa da ranar haihuwarsa, abin da aka ba shi da inda ya ke, da lambar asusu ko ta fili, wanda zai riƙe, da wanda zai canje shi in ta Allah ta kasance, lalurar da za ta halatta a taɓa ajiyar, kamar ciwo ko kuɗin makaranta, da lokacin miƙawa. Shaidu biyu adalai su sa hannu, in da hali a kai gaban alƙali ya tabbatar. A yi kwafi uku, ɗaya wurin kaka, ɗaya wurin mariƙi, ɗaya wurin uwar yaron, domin ita ce ba ta mantawa. A kuma sa rana guda a shekara, misali cikin watan Muharram da mutane suka saba fid da zakka, a zauna a duba lissafi a zuba ko kaɗan ne, don kada asusu ya yi barci. Mariƙi na ƙwarai ba ya jin haushin a bincike shi.

RANAR MIƘAWA

A dokar Nijeriya wanda ya cika shekara 18 ya fita daga ƙuruciya, banki ma a nan ya ke sakar masa asusunsa. Alƙur'ani mai girma kuwa, a aya ta 6 ta Suratun Nisa'i inda ya yi maganar dukiyar marayu, ya haɗa balaga da wani sharaɗi, watau a ga yaro ya iya riƙon dukiya, a jarraba shi kafin a ba shi, a kuma kafa shaidu ran bayarwa. Hikimar a fili ta ke. Abin da aka tara shekara 18 saurayi na iya ƙarar da shi cikin kwana 18, a kan babur da waya da abokai.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Da yaro ya kai shekara 10 ko 12 a nuna masa littafin, a gaya masa wanda ya fara ajiyar da dalili, a sa shi ya riƙa zuba wani abu daga goron Sallarsa. In ya tasa a ba shi ɗan kaɗan ya juya a gani. Ran miƙawa kuma ba tilas ne a juye masa duka lokaci guda ba, a iya rubutawa tun farko cewa wani kashi na karatu ne, wani na jari. Jikanya mace hakkinta daidai ya ke da na namiji a cikin kyauta. Abin da aka ba ta nata ne, ba na miji ba, ba na 'yan'uwa maza ba, kuma ba daidai ba ne a narkar da shi duka cikin kayan ɗaki alhali tana son karatu ko sana'a.

Jama'a, wanda ya ke da wannan niyya kada ya jira sai ya karɓi kuɗin sallama, kada kuma ya jira sai ciwo ya kwantar da shi. Ya fitar da abin daga hannunsa, ya sa shi inda zai haihu, ya rubuta, ya gaya wa iyalinsa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.